Kabar da Ba a Ƙulla Ba

Shirun ne ya fara ba ni tsoro. Ina tsugune a tsakiyar fangalin alkama, hannuwana biyu a dunƙule bisa bakina, ina kiran kurciya kamar yadda kakana ya koya mini, su kuma suna amsawa daga kan dabinai, wannan ta faɗa, waccan ta karɓa. Sai kawai suka ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe bakin tulu. Duk wanda ya tashi a kwari ya san kurciya ba ta yin shiru don mace mai tsinkar ganye, ba ta yi don jaki. Akwai irin takun da take yi wa shiru, takun mai sanɗa. Kafin in gama wannan tunani iska ta kawo mini warin taba sigari, alhali a kwarinmu ba mai shan ta. Tsigar jikina ta tashi, ba kuma ta ɗari ba. Na ce a zuciyata, ai ba a ƙulla kaba ba, da idona na duba. Wannan idon, na dama, shi ne jim kaɗan aka ɗauke ni da shi cike da jini, ba wanda ya san ko zai ƙara ganin komai.

Ban kai shekarun masu cewa "a zamaninmu" ba, in na faɗa ma dariya tsofaffi za su yi mini. Ban daɗe da barin lise, babbar sakandare, a Damagaram ba. Amma tun daga wannan safiya nake jin ƙuruciyata ta yi nisa, ta koma wata ƙasa da ba mota mai zuwa, kuma in ban zauna na tuna ta yanzu ba rairayi zai binne ta, yadda yake binne mana gonaki. Har yau in ƙyaure ya bugu da ƙarfi sai in tsinci kaina a ƙasa. Duk da haka na ɗauki alƙalamin nan.

Ƙauyenmu yana kan tudu, kudu da Gure, kwarin kuma yana ƙarƙashinsa kamar ƙwaryar da aka ajiye cikin rairayi. Baƙo zai yi ta tafiya ba ya ganin komai sai fari, sai ya hau tudun ƙarshe ya ga kore ya buɗe a ƙasan ƙafarsa, goruba a baki, dabino a ciki, lambuna a inuwarsu, can tsakiya kuma kanwa ta yi fari fat kamar an zubar da nono. Lokacin ɗari, da muna yara, kunne ne ke fara farkawa kafin ido. Daga kan tabarma kina jin kukan jigo yana tasowa daga ƙasa, ƙiii, ya numfasa, ƙiii, kowane lambu da muryar nasa, har muna iya cewa wane ya makara yau. Sai Inna ta tashe mu da kunu mai zafi, ta goga mana man shanu a faso, mu gangara a guje muna hura hannu, numfashinmu yana hayaƙi. Ruwan rijiya ɗumi gare shi da safe, mu kan tsoma ƙafa cikin magudana mu bi shi yana shiga fangali bayan fangali, har babba ya daka mana tsawa. Aikinmu tsaron alkama ne. An ja igiyoyi bisa gona an rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki, mu ja, su yi kuwwa, maza na juya majajjawa, mu mata muna ihu har maƙogwaro ya dishe. Zuwa hantsi mun gaji, tsuntsayen ma sun gane mun gaji. Sai mu kwanta rigingine bisa kunya muna gaigayar goruba, muna kallon hasbiya tana zagaye sama, ita da mu kowa ya san an yi sulhu.

In alkama ta yi nono, gwangwani ba ya ƙara tsorata kowa. Kurciya takan zo kamar an yi mata shela tun daga Gidigir, ta sauka ta tanƙwara zangarniya har ƙasa. To a nan ake tuna Kaka. Shi kaɗai ke da bindiga a kwarin, irin ta ɗure, wadda yaran gari ke kira harba-ka-ruga, ta tsufa har an ɗaure wuyanta da jan fata. Yakan kwana biyu yana shirinta, ya shanya albarushi a kasko, ya tsinci ƙananan tsakuwa masu sulɓi ya haɗa da guntayen ƙarfe da maƙeri ke tara masa. Amma duk wannan ba shi ne farkon harbi ba. Hanya ɗaya ce ke gangarawa kwarin, kuma a bakinta akwai wata ƴar goruba da ba ta taɓa yin tsawo ba, kullum a tsugune kamar tsohuwa mai jiran kasuwa. Kafin ya sauka da bindiga sai ya kama kabarta biyu ya ƙulla su ƙulli babba, daidai fuskar mai wucewa. Wanda ya ga ƙullin ya san akwai wuta a ciki, ya zauna a tudu ya jira. Matan Manga masu ɗibar kanwa sun san shi, Fulani masu kawo shanu ruwa sun san shi, yaron da bai iya tsarki ba ma ya san shi. Ba mai kwance shi sai wanda ya ƙulla. Na sha ganin mata jere da tuluna a kan tudu suna tsefe wa juna kai, rana na hawa, ba mai ƙorafi. Kaka yakan ce bindiga makauniya ce, kaba ce ɗan jagoranta. Yakan kuma bar kusurwa ɗaya ta gonar ba igiya ba gwangwani, ya ce wannan zakkar tsuntsu ce, kada kowa ya kore su a can, su ma ba su da rumbu.

Wata safiya, ina jin ban daɗe da famfara ba, na ji Kaka yana zungurata da gindin sanda.

"Ke amarya, tashi. Mijinki zai tafi yaƙi, ke kina minshari."

Na ce, "Allah ya tsare ni da auren tsoho mai haƙori biyu."

"Biyun ai sun isa cin kurciya. Ke da naki suka zube, da me kike yi wa mutane gori? Ɗauko mayafinki, raguwa."

Ranar nan na fara wuce ƙulli. Ya ƙulla a gabana, ya kama hannuna muka shige, ina jin kamar na shiga ɗakin da ba a yarda yara su leƙa ba. Kwarin ba kowa. Jiguna sun yi tsit da wuyansu a sama, raɓa na ɗiga daga dabino, wani siririn hayaƙi na kwance bisa ruwa. Muka zauna gindin wata goruba. Ya haɗa mini tafuna biyu, ya gyara manyan yatsuna, ya ce in hura a tsakaninsu. Na hura, sai tusa ta fito daga hannun. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Na sake, na sake, har leɓena ya yi tsami.

Ya ce, "Da yunwa kike kiranta, tana ji. Kira ta kamar an kai ki garin da ba ki san kowa ba, kina kewar uwarki."

Ban taɓa kwana nesa da Inna ba a lokacin, amma na rufe ido na ƙirƙiro kewar. Sautin da ya fito ban yarda nawa ba ne. Can daga ƙarshen kwarin wata ta amsa. Na kusa yin ihu, ya toshe mini baki, sannan ya juya ni ya jingina bayana da nasa, ya ce haka mai kira ke zama ranar da aka ƙulla kaba, bayanta a jikin bayan maharbi, in ba ta ji ɗuminsa ba ta rufe bakinta. Na ci gaba da kira. Ba na ganinsu, fukafukansu kawai nake ji suna sauka, da numfashin Kaka yana tafiya a hankali ta cikin ƙashin bayana, har ya tsaya. Ƙarar ta ratsa ni kafin ta ratsa kwarin. Hayaƙi ya turnuƙe, sama ta cika da tafin fukafukai, shi kuma tsohon nan mai ciwon gwiwa ya tashi da gudu da wuƙa, yana bisimilla yana yankawa kafin rai ya fita. Na ɗauki ɗaya, ɗuminta na nan, wuyanta na sheƙi kamar an shafa mata shuni, sai na fashe da kuka na ce ni na yaudare ta. Ya ce, "To ki yi kukanki, romon ni zan sha." Da rana ni na fi kowa siɗe kwano. Harbi ɗaya ya yi ranar, da ma ba ya wuce biyu, don ƙarar ce aikin, ita ke tsare alkama na ƴan kwanaki. Naman kuwa sai ya bi gidajen gwauraye da masu jego kafin ya iso namu.

Ina kwaleji Kaka ya rasu, cikin damina, ban samu ganinsa ba. Abubuwa kuma ba a rana ɗaya suka tafi ba, zamewa suka yi ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙin biki. Motopom, injin ban ruwa, ya zo, jiguna suka zama itacen girki. Yanzu in kin farka gurnani ɗaya ne ke tasowa daga ƙasa, ba ki san na wane ba ne. Yara suna makarantar lakwal da safe, samari sun tafi neman zinariya arewa, ba mai jan igiya. Masu shuka alkama sun ragu, tudun gabas ya gangaro ya cinye lambuna har da rijiyoyinsu, kan dabinai kawai ke leƙowa. Aka yanke sabuwar hanya ta yamma don amalanke da mota. Bindigar Kaka ta yi tsatsa a bayan ƙyauren Kawu, ƙanen Inna, wanda lambun ya koma hannunsa, kuma zamani ya zo da ko ƙarar bindiga ba a son ji. Shekaru ba wanda ya ƙulla kaba. Amma ƴar gorubar tana nan a tsugunenta, mu kuma da muka tashi a hannun Kaka ba ma iya wuce ta ba mu kalla ba. Ido ya saba, kamar yadda baki ya saba da sallama ko a ƙofar kango.

Bana Kawu ya yi zuciya ya shuka alkama, ta kuma yi kyau, kurciya ta ji labari. Ya rataya ledoji, ya kafa mutum-mutumi, suka maida shi wurin hutawa. Ashe ranar kasuwar Gure ya haɗu da wani ma'aikaci baƙo, ba ɗan ƙasar nan ba, mai bindigar kartush, irin mai watsa ƙwayoyin dalma, da takardarta, mai sha'awar harbi ranar hutu. Ya roƙe shi ya zo. Bai gaya wa kowa a gida ba, wai kada mata su dame shi da rabon nama. Suka shigo da sassafe a mota ta hanyar yamma, ko kusa da ƴar gorubar ba su bi ba.

Ni kuwa Inna ce ta aike ni tsinko lawashi. Na bi tsohuwar hanya, na kalli kaba, tana sake, iska na kaɗa ta. Motopom bai tashi ba ranar, kwarin ya yi irin tsit ɗin da na manta da shi, raɓa na ɗiga, hayaƙin nan na kwance bisa ruwa. Da na ga alkamar, kore shar har ƙugu, sai wani abu ya kama ni a ƙirji. Na ajiye kwando na shiga tsakiyarta na tsuguna, na haɗa hannu. Wannan karon ba sai na ƙirƙiro kewa ba. Suka amsa, suka yi ta amsawa, har zuwa shirun nan da warin taba.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni miƙewa in yi magana. Ina jin na fara ɗagowa. Baƙon kuma ya ji kira ƙasa-ƙasa cikin alkama, ya ga zangarniya ta motsa. Ban ji zafi da farko ba. Kamar an watsa mini rairayi mai zafi ne a fuska, sai alkamar ta koma ja, sai sama ta cika da tafin fukafukai. Na kwanta ina mamakin yadda ƙasa ke da laushi. Daga nesa na ji muryar Kawu ta tsage.

"Innalillahi! Yallaɓai, mutum ne! Mutum ka harba!"

Baƙon na salati yana haɗawa da Faransanci. Kawu ya ɗago ni, ya ga fuskar wadda ya ɗago, ya kira sunana da wata murya da ban san yana da ita ba.

Hannuwana da ke bisa fuska su suka tare yawancin dalmar. A likitar Gure, wato asibiti, majo ma'aikacin jinya ya yi ta ciro ta daga bayan hannuna da goshina, tana faɗawa kwanon ƙarfe ƙwal, ƙwal. Da ya ɗaga fatar idon sai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce da ni Damagaram. Can aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, aka ga ƙwaya ɗaya ta shige ta gefen ido. Lokotoron ido mace ce, muryarta a kwance. Ta gaya wa Inna a gabana, ba ɓoye-ɓoye, cewa jini ya cika idon, ba ta ganin abin da ke bayansa. Sai ya kwanta za a san ko dalmar ta yaga ciki. In ta yaga, ko jinin ya sake ɓallewa, idon ya tafi. Ta rufe mini duka biyun don kada ɗaya ya ja ɗaya motsi, ta ce in zauna a jingine, ba tari, ba sunkuyo, salla ma da ishara.

Ban san kwana nawa na yi cikin duhun nan ba, ban ƙirga ba. Da ƙamshi nake gane mutane. Inna hayaƙin girki da man shanu, Kawu esansi, wato fetur ɗin motopom, yakan tsaya daga ƙofa ba ya shigowa. Gwaggo, yayar babana, ta zo da turarenta da bakinta.

Ta ce, "Yo ke ma, ƴar lise guda, ki shiga gona kina kukan tsuntsu? Ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Inna ta ce, "Yaya, in dubiya kika zo, kin duba. Ga ƙofa can."

Sai na ji Inna ta juya wajen warin esansi. "Kai kuma shigo, tsayuwar me kake kamar jigo? Uban da ya haife ni shi ya haife ka. Ka kai wuta kwari ba ka ƙulla kaba ba?"

Kawu ya ce, "Yaya, wallahi ko a raina bai zo ba. Wa ke duba kaba yanzu?"

"Ƴata."

Sai Kawu ya shigo. Na ji ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya kama yatsan ƙafata ya riƙe, ya daɗe a haka. Baƙon ma ya zo da matarsa, amma tun daga baranda warin tabarsa ya riga shi, jikina ya kama ɓari har gadon na ƙara, Inna ta tare su a waje. Na ji yana kuka. Ban tsane shi ba, ba na dai iya shaƙarsa.

Cikin duhun nan ne duk abin da na rubuta a sama ya dawo mini, fes, har launin fatar da ke wuyan bindigar Kaka. Da farko na ji daɗi. Daga baya shi ya fi ba ni tsoro, don na taɓa jin ana cewa in ido ɗaya ya mutu yakan ja ɗan'uwansa. Na riƙa tunanin ko shi ke nan an gama zuba mini abin gani, wanda ke cikin kaina shi zan yi ta juyawa har in tsufa.

Wata safiya da hantsi na ji takun lokotoro da ƙarar almakashi. Ta warware bandejin a hankali, ta sa tafinta ta rufe mini na hagu.

"Buɗe, madmazel. Kada ki yi gaggawa."

Haske ya soke ni kamar ƙaya. Hawaye ya zubo. Ba komai sai rawaya, kamar ina kallo ta cikin ruwan tsamiya.

"Me kike gani?"

Na ce ba komai. Na ji numfashin Inna ya tsaya. Lokotoro ta ce in ƙyafta, in jira. Rawayar ta fara rabuwa, ga wani dogon abu mai haske, taga ce. Ga wani duhu a gabanta, yana da kafaɗu. Duhun ya yi fuska, fuskar ta rame, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Na daɗe ina kallonta, sannan na ɗaga ido sama kaɗan.

Na ce, "Inna, kallabinki a baibai kika ɗaura shi."

Lokotoro ta yi dariya. Ta jawo fitilarta ta leƙa ciki, ta sa ni duba sama, duba ƙasa, ta daɗe. Sannan ta kashe fitilar ta dafa kafaɗata.

"Idonki ya tsira. Dalmar a ƙashi ta tsaya, ba ta taɓa ciki ba. Da ita za ki tsufa, ba abin da za ta yi miki."

Inna ba ta ce alhamdulillahi nan take ba. Hannu ta kai kanta tana shafa ɗinkin da ya fito waje.

Ta ce, "Tun ranar da muka baro gida yake haka. Duk garin nan ba mai ido ne, da ba wanda ya gaya mini?"

Daga bakin ƙofa Kawu ya ce, "Yaya, wa ya isa?"

Sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da bakin zanenta, kallabin na nan a baibai, ni kuma ina ta kallonsa.